Tsohuwar tarakta a gangaren Adar: amsa ga wani mai tambaya daga Yamai

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Yamai, amma gidanmu yana wajen Tamaske. Bara na tara 'yan kuɗina na sayi tsohuwar tarakta, Massey Ferguson 165, ta hannu. Ƙanena ke tuƙa ta. Da damina yana yi mana noma, yana yi wa mutane na kuɗi, da rani kuma yana jan tirela, yau duwatsu, gobe yashi, jibi albasa. Wasu gonakin a fadama suke, wasu a gindin dutse inda ƙasa ta karkace. Kwanan baya ya ce mini saura ƙiris ta kife da shi, har taya ɗaya ta bar ƙasa. Tun ranar ba na samun barci. Shin tsufan taraktar ne ya jawo? In sayar da ita ne, ko da abin da zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa, ya kiyaye gaba. Ka gaida mini ƙanen naka, ka kuma gode masa da ya faɗa maka, don yawancin direbobi ɓoyewa suke yi saboda tsoron a karɓe makulli.

In na fahimce ka, abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya: me ya sa tayar ta ɗaga, ko tsufa ne ya sa, sannan ko sayarwa ce mafita. Na shekara fiye da ashirin ina kwance taraktoci ina ɗaurawa a nan Tawa, na kuma bi su gonaki daga Keita zuwa Buza har kwarin Majiya. Abin da na gani shi ne, sabuwar tarakta ma tana kifewa a wurin da tsohuwa za ta kife. Gangare da gudu da kaya su ke kada ta. Abin da tsufa ke yi shi ne ya hana direba gyara kuskurensa in ya yi, sannan in ta kife ya bar shi ba abin da zai tare masa nauyinta. Bari in bi maka su daki-daki.

Yadda aka gina ta

Ka tsaya bayan tarakta ka dube ta da kyau. Doguwa ce, ga ta siririya, an ɗaga cikinta sama don ta wuce kan shuka da kunya. A irin taka mai jan tayoyin baya kaɗai, kusan kashi 70 cikin 100 na nauyi yana kan baya, 30 a gaba. Wurin da nauyin duka ya taru, wanda muke kira cibiyar nauyi, yana ɗan gaba da kujerar direba, sama da layin tayoyin baya. Muddin wannan cibiya tana tsakanin tayoyi, tarakta na tsaye. Da ta leƙa waje, magana ta ƙare.

Mutane na ganin ƙafa huɗu gare ta kamar tebur. A gaskiya ta fi kama da murhu mai duwatsu uku. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba a tsakiya aka rataye shi da ƙusa ɗaya, yana lilo, don tayoyin su riƙa bin tudu da rami. Saboda haka in ta fara karkata, tayoyin gaba ba su hana ta sai ta yi nisa. Tayoyin baya biyu da wannan ƙusa ta gaba, su ne ƙafafunta na gaskiya.

Ga wani ɗan lissafi da nake yi wa yaran gareji a ƙasa da tsinke. Tsakanin tayoyin baya akwai kamar mita ɗaya da rabi. A ce ƙanenka yana tafiya a gicciye kan gangaren da ke sauka mita ɗaya cikin kowane mita goma, wato kashi 10 cikin 100. Wannan ba komai ba ne, ko jaki bai san yana kan gangare ba. To sai tayar da ke sama ta hau dutse mai tsayin santimita 15. Nan take an ƙara masa kashi 10. In a daidai lokacin tayar ƙasa ta faɗa 'yar hanyar ruwa mai zurfin santimita 15, ga wani kashi 10. Gangaren kashi 10 ya koma 30 cikin ƙiftawar ido, kuma da girgiza ya zo. Ka san gindin duwatsun Adar, ai dutse da hanyar ruwa su ne ƙasar. Ina kyautata zaton abin da ya sami ƙanenka ke nan, musamman in ya ɗaga garma sama a lokacin, don garmar faifai in ta tashi sama tana ɗaga cibiyar nauyi tare da ita.

Sai gudu. Ƙarfin da ke tura tarakta waje a kwana ba ya tafiya daidai da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa mafi yawan ɗagawar taya a ƙarshen kunya take faruwa, inda direba ya ɗaga garma, bai rage totur ba, ya taka birkin gefe ɗaya don ya juya da sauri, kuma ya juya ta wajen tudu. In dole ne a juya kan gangare, a rage wuta tukuna, a juya ta wajen gangara. In kuma ya ji tayar sama ta yi sauƙi, ya karya sitiyari zuwa ƙasa. Jiki zai ce masa ya gudu sama, amma can ne hallaka take.

Wadda ke tashi ta baya

Kifewa ta gefe ta fi yawa, amma ta baya ta fi kisa, kuma ko a fili shimfiɗaɗɗe tana faruwa. Inji yana murɗa tayoyin baya. In tayoyin sun ƙi juyawa, ko sun kafe cikin laka ko kayan da ake ja ya ƙi motsi, ƙarfin bai ɓace ba, sai gangar jikin taraktar ta juya a kan tayoyin. Gaba ya tashi sama ya faɗo kan direba. Masu binciken haɗarin injinan noma sun auna wannan: cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ɗaya ta kai inda ba ta komowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kwanta. Kafin mutum ya gane abin da ke faruwa ya kai ƙafa kan kuloci, an gama.

Wannan ciwo ya kashe mutane da yawa a Turai da Amurka a zamanin taraktocin farko. Harry Ferguson, wanda rabin sunan taraktarka nasa ne, ya shahara ne da tsarin rataya garma ta hannuwa uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, wanda ya bazu a duniya tun daga tarakta Ford 9N ta 1939. In garma ta ci karo da saiwa ko dutse, hannun sama yana tura gaban tarakta ƙasa maimakon ya bari ya tashi. Dabara ce mai kyau, sai dai garma kaɗai take karewa. Ranar da aka ɗauko sarƙa za a ja kututture ko a fid da motar kasuwa da ta maƙale a kori, sai ka ga an ɗaura sarƙar a ramin hannun sama, bayan kujera, wai nan ya fi ƙarfi. Nan ne ya fi saurin kifar da ita. Wurin ja ɗaya ne, ƙarfen ja na can ƙasa, ƙasa da layin tayoyi. Ka sa ƙanenka ya nuna maka shi da hannunsa in ka je gida.

In ta kafe a fadama bayan ruwa, da baya ake fita, don in tana ja da baya gabanta ƙasa yake dannuwa. Kada ya yarda a ɗaure gungume a jikin taya don ta samu abin takawa. Na san ana yi, na kuma san wani lokaci ana dacewa. Hawan tudu mai tsanani ma haka ne: in ba makawa, da baya ake hawa, a sauko da gaba, kuma a rataya ƙarafan nauyi a gaba in akwai garma a baya. Da yawa daga taraktocin da ke shigo mana an riga an kwashe waɗannan ƙarafan an sayar tun a hanya.

Abin da shekaru ke ci

Massey Ferguson 165 ta fito a 1964, aka ci gaba da yin ta har tsakiyar shekarun 1970. Ko autar cikinsu ce ka samu, ta kai shekara hamsin. Injinta ba ya ba ni tsoro, Perkins ne mai haƙuri. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, duk mai sayen tsohuwar tarakta inji yake saurara, ba wanda ke tambayar birki.

Birkin tarakta irin wannan a tayoyin baya kaɗai yake. Takalman takawa biyu ne, na hagu da na dama, da 'yar sakata da ke haɗa su wuri ɗaya. A gona ana raba su don juyawa, a kan hanya da gangare dole a haɗe suke. Cikin taraktoci goma da ke shigowa garejinmu, da wuya ka sami rabi da sakatar ke nan. Kuma da yake direba ya saba juyawa ta hannu ɗaya, gefe ɗaya ya fi cinyewa, to ko an haɗa su, in ya taka sai ɗaya ya kama ɗaya ya saki, tarakta ta juya a gicciye a tsakiyar gangare. Wata rana aka kawo mini wata, mai ita yana rantsuwa birki lafiya lau. Na kwance gefen hagu, na sa yatsa na lakato baƙin mai kamar kwalli, na shafa masa a tafin hannu. Robar da ke tare mai ta mutu, mai ya jiƙa birkin sharkaf, wata nawa yana yawo da birki ɗaya bai sani ba. Gwajin ba wuya: a fili mai tauri, a haɗa takalman, a yi tafiya a hankali, a taka da ƙarfi, a sauko a duba sawu. In layi biyu ne daidai, madalla. In ɗaya ne, a kira bakanike kafin ta sake fita.

Akwai kuma abin da ya shafi irin taka musamman, kuma shi na fi so ka riƙe. Wasu Massey Ferguson 135 da 165 suna da wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari da aka rubuta wa Multi-Power, mai matsayi biyu, sama da ƙasa. An yi shi don a ƙara ko a rage gudu ba tare da taka kuloci ba. In yana ƙasa, inji ba ya riƙe tarakta a gangara ko kaɗan, sakinta yake yi ta tafi kamar keke, ko da tana cikin giya ta ɗaya. Sai yana sama inji ke riƙewa. Direban da ya koyi tuƙi a wata tarakta zai ɗauka ƙasa ta fi aminci, tunda sunanta ƙasa. In kuma wannan na'ura ta lalace, ko man da ke tura ta ya yi rauni, a ƙasa take zama. In aka kashe inji ma haka, saboda haka barin irin wannan tarakta cikin giya ba ya hana ta gangarawa gaba, kuma ba ta tashi da turi. Ka buga wa ƙanenka waya yau ka tambaye shi ko tasa na da wannan maɓalli.

Tunda na ambaci turi: al'adar nan ta kwana da tarakta a kan tudu don a sake ta da safe ta tashi saboda batir ya mutu, da ta tsayawa a ƙasa a haɗa sitata da sukundireba, duka biyun na san talauci ke sa su. Amma mai haɗa sitata a gaban tayar baya yake tsaye, in an manta ta cikin giya shi za ta fara takawa. Kuɗin batir bai kai na kwana uku a asibiti ba.

Sauran abubuwan a taƙaice: sitiyarin da za ka murza tafin hannu guda kafin tayoyi su motsa, ƙusar gaba da ta ci ta yi sako-sako, giyar da ke fita da kanta, kulocin da ke fizga, tayoyin baya da suka goge ko aka haɗa babba da ƙarama. Akwai kuma wani ɗan takalmi wajen diddigen dama da ke kulle tayoyin baya su juya tare in ana santsi. In ya tsufa yakan maƙale, direba ya karya sitiyari a bakin kwazazzabo, tarakta ta miƙe abinta.

Tirela

Ka fi jin tsoron gona, ni kuwa aikin rani ya fi tayar mini da hankali. Taraktarka tan biyu ce da 'yan kai. Buhun albasa irin namu da ake yi wa hula ya kai kilo 100, ya ma wuce, ke nan buhu 40 tan huɗu ne. Duwatsu sun fi haka cin amana, don ido na ganin tirela ba ta cika ba alhali nauyi ya wuce kima. Yawancin tirelolin da ake ƙerawa a nan ba su da birki. Abu mai tan biyu, mai birki a taya biyu, shi ake so ya tare tan huɗu ko biyar a gangara, kan tsakuwar marmara da ke mirgina ƙarƙashin taya. Kuma in tarakta ta fuskanci gangara nauyinta gaba yake komawa, tayoyin da ke da birkin su ke yin sauƙi.

Na taɓa zuwa ɗauko wata a hanyar da ke saukowa daga kan dutse, an loda mata duwatsun tare ruwa. Direban yaro ne mai hankali, ba ya shaye-shaye. Ya fara sauka da giya mai gudu, da ya ji kaya na tura shi sai ya taka kuloci zai koma ƙaramar giya. Giyar waɗannan taraktoci ba ta shiga in ana tafiya, sai ta yi ta gurnani. Ya rasa wadda ya fita, ya rasa wadda yake nema. Ya taka birki, tayoyi suka kafe suna ja, tirela ta turo bayan taraktar gefe suka naɗe kamar wuƙar aski. Allah ya yi da sauran kwanansa, ta jefar da shi wajen tudu, ƙafa da haƙarƙari kawai ya karya. Da na je gaishe shi abin da ya ce mini shi ne, "Wallahi baba, kullum haka nika sauka." Gaskiya ya faɗa, sai dai kullum da yashi rabin tirela yake sauka.

Ƙa'idar ita ce a tsaya cak a saman gangare, a haɗa takalman birki, a sa giyar da za a iya hawa wannan tudun da wannan kayan, a sauka da ita har ƙasa, ƙafa ba ta kusanci kuloci ba. In tirela ba ta da birki, nauyinta da kayanta kada ya wuce na taraktar a hanya mai gangara. Na san wannan na nufin sawu biyu a maimakon ɗaya, gazuwal kuma ba araha ba. To a nan kai ne da magana, Malam, ba ƙanenka ba. In kana ƙirga masa sawu kana auna masa mai, zai loda. Ƙusar da ke haɗa tirela kuma ta zama ta ainihi mai makulli a ƙasa, ba guntun rodi da aka lanƙwasa ba. Masu lodi da ke hawa kan kaya, da yaran da ke zama kan murfin taya, su sauka su taka da ƙafa har a wuce gangaren. Kujera ɗaya aka yi wa tarakta.

Gaba kura, baya siyaki

Yanzu gonakin gindin dutse. Tun aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen yankinku suka ga yadda ake tare ruwa da jerin duwatsu da ganuwa a gicciyen gangare, kuma duk malamin gona zai ce maka a yi huɗa a gicciye don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Gaskiya ne. Ni kuma bakanike zan ce maka tarakta ta fi zama lafiya in tana hawa da sauka miƙe, a gicciye take kifewa. Wannan ma gaskiya ne. In ka bi tawa a gona mai gangare sosai, kowace kunya ta zama hanyar ruwa, cikin 'yan damuna kwazazzabo ya raba maka gona biyu. In ka bi tasa, ka sa ƙanenka a haɗari.

Yadda na warware wa kaina shi ne, gonar da tarakta ba za ta iya nomawa a gicciye cikin kwanciyar hankali ba, ba gonar tarakta ba ce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A bar ta ga garmar shanu, ko a yi mata tassa da rabin wata, ramukan shuka masu tare ruwa, kamar yadda mutanen Illela da Badagishiri suka farfaɗo da fako da su. Ƙasar gindin dutse ma ba ta da kauri, garmar faifai ba alheri take yi mata ba.

Ido ba ya auna gangare daidai, musamman in an saba da wurin. Ku sami igiya mai mita 10. Mutum ɗaya ya danne bakinta a ƙasa ta wajen tudu, ɗaya ya ja ta wajen gangara ya ɗaga har ta miƙe daidai, a duba da ma'aunin magina, sannan a auna daga hannunsa zuwa ƙasa. Ni ga yadda nake yi da tsohuwar tarakta marar kariya, kuma wannan ƙa'idata ce ta aiki, ba dokar wani kamfani ba: in bai kai mita ɗaya ba, a yi noma a gicciye a hankali. Daga mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sai an buɗa tayoyi, an bi gonar da ƙafa an kwashe manyan duwatsu an sa alama a ramuka. In ya doshi mita biyu, ba na shiga, ko nawa za a biya. A auna wurin da ya fi tsanani, ba tsakiyar gona ba.

Buɗa tayoyin nan abu ne da ba ya cin kuɗi, amma ba a cika yi ba. An yi ƙafafun baya yadda za a iya juya su ko a sauya wurin ɗaure su, tazara ta ƙaru. Wuni ɗaya ne na aiki, sai dai a sake daidaita garma. Ana kuma zuba ruwa cikin tayoyin baya har kashi uku bisa huɗu, nauyi ya sauko ƙasa. Turawa sai sun haɗa da wani gishiri saboda ƙanƙara, mu ruwan rijiya ya ishe mu. A zuba duka biyun daidai wa daida.

Bakin kori kuma, a bar tazara aƙalla daidai da zurfinsa. In zurfinsa mita biyu ne, taya ta tsaya mita biyu daga baki, in yashi ne ko an yi ruwa a ƙara. Ruwa na cin gindin gaɓa ta ƙasa, sama na nan kamar lafiya. Mai gona zai tsaya yana cewa a matsa a cinye masa har baki tunda ya biya. Ka ba ƙanenka izini tun yanzu ya ce maigidansa ya hana.

Ƙarfen kariya, da rumfar da ba kariya ba

Duk abin da na faɗa rage haɗari yake yi. Abu ɗaya ne ke ceton rai in ta riga ta kife: ƙarfe mai kauri mai siffar bakin ƙofa da ake ɗaurewa a kan ƙarfen tayoyin baya, ya wuce kan direba, wanda masu Faransanci ke kira arso. Yana tsayar da tarakta a kan gefenta, ya hana ta mirginawa, ya bar wa mutum wurin da nauyi ba zai same shi ba. Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, Ingila ta bi a 1970, a Amurka doka ta fara aiki a 1976 ga taraktocin da 'yan ƙwadago ke tuƙawa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce in an haɗa shi da bel na kujera, yana hana mutuwa ko mummunan rauni a kashi 99 cikin 100 na kifewa. Da yawa daga taraktocin da ke zuwa mana sun taɓa samun wannan ƙarfe ko ɗakin direba, aka cire don su shiga kwantena.

Hattara da abu biyu. Rumfar inuwa da mai walda ke yi da bututun ruwa da kwano ba kariya ba ce. In tarakta ta kife murƙushewa take yi, ta kuma hana mutum fita. Na biyu, bel da ƙarfen kariya tare suke tafiya. In akwai ƙarfen, a ɗaura bel, in ba haka ba tarakta ta jefa shi ƙarƙashin ƙarfen da aka sa don ya cece shi. In babu ƙarfen, kada a ɗaura bel ko kusa.

Za ka ce to a ƙera a Tawa mana. Masu waldarmu gwanaye ne, ban raina su ba, amma na ainihin sai da aka gwada shi da duka da matsi kafin a sayar, an san irin ƙarfen da irin kusoshin. Na gida ba wanda ya gwada shi sai ranar haɗari, ga shi yana sa direba ya saki jiki. Shawarata ka sa masu kayan gyara a Yamai ko Konni su nemo maka wanda aka ciro daga irin taka, tunda 165 ta yi yawa a duniya kuma ana yi mata. A duba ba lanƙwasa, ba tsatsa mai zurfi, ba wanda ya huda ko ya yi masa walda, a ɗaure shi da kusoshi masu ƙarfi, kada a like shi da wuta.

Batun sayarwa

Ban ga taraktarka ba, ƙafata ba ta taka gonarku ba, saboda haka ba zan yanke maka hukunci daga nan ba. Amma in ka sayar da ita ka sayi wata tsohuwa, ka sauya ciwon da ka fara sani da wanda ba ka sani ba. In kuɗinka ya kai mai jan taya huɗu mai ƙarfen kariya, ta fi riƙe kanta a gangara, sai dai tana kai direba wurin da tsohuwar ba za ta iya hawa ba balle ta kife a can. Ni da zan sayar da 165 sai in an nemi kayan birkinta ko na sitiyari an rasa, ko gangar jikinta ta tsage inda ƙarfen kariya zai zauna.

Da ni ne kai, kafin ruwan farko zan ɗauki hutun kwana uku in tafi gida da bakaniken da ya san Massey. Ranar farko birki, sakata, sitiyari da maɓallin nan. Rana ta biyu a juya tayoyi a zuba ruwa. Rana ta uku ku ɗauki igiya kai da ƙanenka ku zaga gonakin, ya kai ka daidai wurin da tayar ta ɗaga, ku auna shi. Ka kuma tambaye shi awa nawa yake yi a kan kujera a makon shuka, lokacin da kowa ke bakin ƙofa da kuɗinsa a hannu, da abin da yake sha don ya jure. In da dare yake ƙarasa aiki da fitila ɗaya, gonakin gindin dutse su zama na safe, a bar na fadama su zama na yamma.